Tsatsa ta kama farar shaddar maigida, saura kwana tara ɗaurin aure

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min, kwana biyu kenan bana iya bacci. Watana biyar da aure. Maigidana yana da wata farar shadda da ya ɗinka da babbar sallah, sau biyu kawai ya saka ta, kuma ita yace zai saka ranar ɗaurin auren ƙaninsa nan da kwana tara. Ni ce da bakina nace kar ya kai wa mai wanki zan wanke masa da hannuna. Na wanke na shanya a wayar da ke tsakar gida na tafi gidanmu dubiya, ruwan sama ya tsare ni, rigar ta kwana a waje. Da safe na kwashe naga jan layin tsatsa ya ratsa gaban rigar. Na jiƙa ta a bilic, maimakon ya fita sai ya ƙara yin duhu. Na naɗe na ɓoye a ƙasan akwati, ban goge ba, ban kuma faɗa masa ba. Da na buɗe akwatin ma naga wata atamfata ta lefe fil ya mata tabo. Ya zanyi Anti? Dan Allah kar ki saka sunana.

Wa alaikumus salam 'yata. Da farko ki kwantar da hankalinki ki samu kiyi bacci yau, rigar nan bata mutu ba. Cikin duk abinda kika rubuto kalma ɗaya ce ta sa naji sanyi a raina, da kika ce baki goge ba. Alhamdulillah. Da kin ɗora mata dutsen guga da yanzu wata maganar muke, domin zafin guga gasa tsatsa yake a cikin zare, bayan nan sai an sha wuya sosai, wani lokacin ma sai dai haƙuri. Saboda haka har mu gama wannan aikin dutsen guga ba shi ba rigar nan.

Bari in fara da bilic ɗin, tunda nan ne kusan kowa yake faɗawa, ba ke kaɗai ba. Mu dai a kanmu in abu fari ne ya yi tabo toh bilic ne maganinsa, kuma a tabon shayi ko zoɓo ko fumfuna hakan ne, yana aiki. Amma tsatsa ba datti bace irin wanda muka saba. Ƙarfe ne da kansa, ruwa da iska suka ci shi ya zama wannan jan garin, shine ya bi ruwan sama ya shiga cikin zaren rigar ya zauna. Shi kuma bilic aikinsa irin aikin iskar nan ne, sai ma ya fi ta ƙarfi, kinga kenan ɗan ƙarfen da ya rage bai gama zama tsatsa ba shi ya ƙarasa shi. Shi yasa kika ga layin ya ƙara duhu. Omo ma ba zai yi ba, sabulu ba zai yi ba, ko zaki kwana kina cuɗawa sai dai hannunki ya saɓule shaddar ta tashi gashi. Abinda ke narkar da tsatsa tsami ne. Shikenan sirrin, kuma yana nan a kicin ɗinki ko wajen mai kayan miya na bakin layi.

Amma kafin ki yanka lemon tsami ko ɗaya, ki saurare ni da kyau a nan, dan wannan ya fi rigar muhimmanci. Rigar nan ta sha bilic, bansan ko kin ɗauraye ta sosai ba kafin ki ɓoye, na dai san mutum in yana cikin ruɗewa baya tsayawa ɗauraya. Bilic in ya haɗu da abu mai tsami, lemon tsami ne ko binega, wata iska yake fitarwa mai guba, kulorin, tana shaƙe mutum ta sa tari da hawaye da ciwon ƙirji, a banɗaki ko ɗaki a rufe kuwa tana iya kai mutum asibiti. Saboda haka ki fito da ita daga akwatin nan yau yau, ki ɗauraye da ruwa mai yawa, ki zubar ki sake, sau uku sau huɗu, ki kai hancinki ki shinshina har sai kin daina jin warin kwata-kwata. Dama barinta naɗe da bilic a jiki cin zaren yake a hankali. Robar da kika jiƙa bilic ɗin ma ki wanke ta tas ko ki ɗauko wata daban.

Toh yanzu aikin. Ki sayi lemon tsami kamar guda goma, masu ruwa, irin waɗanda fatarsu ta yi laushi ta fara ɗan rawaya. Ki murza su a ƙasa da tafin hannu kafin ki yanka, sun fi bada ruwa. Ki matse a kofin roba ko na tangaran, ki tace da rariya, 'ya'yan da ɓargon duk su fita, dan ɓargon nan in ya bushe a jikin farin kaya shima yana barin nasa tabon. Sai gishirin girki, na gari.

Ki samu wajen da rana take bugawa sosai, ki shimfiɗa tsohon farin tawul ko farin tsumma mai tsabta akan tabarma ko babban faranti na roba, kar ki yi akan tiren ƙarfe ko murfin tukunya ko kan kwanon rufi. Ki zura tawul ɗin cikin rigar, wato tsakanin gaba da baya, yadda in tsatsar ta narke zata sauka akan tawul ne ba zata ratsa ta kama bayan rigar ba. Wannan mutane da yawa suna mantawa, su fitar da tabo a gaba su juya su tarar ya koma baya. Sai ki bi layin nan da ruwan lemon tsamin da cokali har ya jiƙe sharkaf, ki barbaɗa gishiri a kai ya rufe layin, ki ƙara ɗiga lemon kaɗan yadda gishirin zai yi damshi ya kama jiki. Kar ki dirza. Na sake faɗa, kar ki dirza, shadda ce, gishiri kuma yana da kaifi, in kika goga zaki kashe ƙyallin wajen ya zama ko tsatsar ta fita ana ganin inda aka yi fama. Ki ɗan danna da yatsa kawai ki bar wa rana.

Rana ba bushewa kaɗai take yi a nan ba, haskenta da ɗuminta suna taya tsamin narkar da ƙarfen, shi yasa aikin da zai ɗau yini a inuwa yake yiwuwa cikin awa ɗaya a rana. Amma kar ki shanya ki shiga ɗaki ki kama danna waya. Ki ɗauko kujera 'yar tsugunne ki zauna kusa, duk bayan minti goma ko sha biyar ki leƙa, in kinga ya fara bushewa ki ƙara lemon, domin tsamin yana aiki ne muddin wajen na da laima, da ya bushe ƙamas aiki ya tsaya. Zaki ga abin mamaki, jan nan zai koma ruwan goro, daga nan ya koma rawaya-rawaya kamar an ɗiga shayi mara kauri, in kika ɗaga rigar zaki ga launin ya sauka akan tawul ɗin. Sai ki ja tawul ɗin ki gyara, waje mai tsabta ya dawo ƙarƙashin tabon. Bayan kamar awa ɗaya ki kakkaɓe gishirin ki ɗauraye da ruwan sanyi ki duba.

Zan faɗa miki gaskiya dan kar ki karaya, da wuya ya fita duka a karon farko, musamman naki da bilic ya riga ya taɓa. Sau biyu, sau uku, wani ma sai na huɗu. Kina da kwana tara, ba gaggawa. In kinga kowane zagaye yana ƙara haske toh kina kan hanya, ki ci gaba. Kuma ki riƙa dubawa bayan ya bushe, jiƙaƙƙen kaya yana ɓoye tabo, sai ki ɗauka ya fita ki yi murna, ya bushe ki ga inuwarsa tana nan.

Na san damina ce, kina iya tashi gobe ki tarar da hadari ya rufe gari har la'asar. In haka ta faru akwai ta tururi. Ki tafasa ruwa a tukunya, ki sauke ko ki rage wuta sosai, ki jiƙa tabon da lemon tsami, ku kama rigar ke da wata ku miƙar da wajen tabon a saman tururin, kina ƙara lemon kaɗan kaɗan. Wannan ma tafi rana sauri, cikin 'yan mintuna zaki ga canji. Kar ki ce ai Anti tace zafi na gasa tsatsa, busasshen zafi na guga ne yake gasawa, shi wannan zafi ne da laima da tsami tare, shi narkarwa yake. Ki dai kula da hannunki, tururi yafi ruwan zafi ƙuna, kuma ki tattare sauran rigar kar ta leƙa wuta. Wannan dabarar ta farin kaya ce na auduga kawai.

Baki faɗa min ko akwai aiki a gaban rigar ba. In aikin farin zare ne ba damuwa. In kuwa mai launi ne, ko irin mai ruwan gwal ko azurfa mai ƙyalƙyali, ki kiyaye kar lemon ya taɓa shi, ki yi amfani da auduga irin ta goge kunne ki bi layin a hankali in ya zo kusa da aikin.

In kin gama tabo ya fita, ki ɗauraye sosai sannan ki wanke rigar gaba ɗaya da sabulu yadda kika saba. Wannan ɗaurayar ba ta wasa bace, tsami in ya kwana a jikin auduga yana raunana zaren, kuma in aka ɗora guga akan ragowar lemon wajen ja yake yi kamar an babbaka. A ruwan ɗauraya na kusa da ƙarshe zaki iya zuba bekin soda cokali ɗaya ya kashe sauran tsamin. Nan ne kaɗai wajen bekin soda a wannan aikin. Ina ganin masu cewa a kwaɓa shi da lemon tsami a shafa, sai ya yi ta kumfa mutum yaji daɗi yace ai ga aiki nan yana yi, alhali kumfar nan shaida ce sun kashe juna, tsamin da kike nema ya tafi. Kanwa da ruwan toka ma dangin bekin soda ne, ba ruwansu da tsatsa.

In babu lemon tsami farar binega tana yi, wadda wasu ke cewa ruwan khal, sai dai bata kai lemon ƙarfi a kan tsatsa ba, sai kin fi maimaitawa. Farar nan fa mai kama da ruwa, ba ta tuffa mai launin shayi ba. Akwai kuma garin tsami da masu sayar da kayan kek da kayan lemo suke sayarwa, sitirik asid, fari kamar sukari, shine ainihin abinda ke cikin lemon tsamin, ki narka cokali ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi, yana aiki sosai kuma baya barin launi. Tsamiya kuwa duk da tana fitar da tagulla fes kar ki kai ta kusa da farar shadda, launinta zai ba ki sabon aiki.

Yanzu abinda nake tsoro, domin na san in kika faɗa wa maƙwabta sai an samu mai ce miki ki samo ruwan batir wajen mai cajin batir, ko ki ɗiga ruwan wanke masai. Dan girman Allah kar ki yi. Ni da kaina na taɓa yi, ina amarya kamar ki, farin mayafin uwar mijina ne ta bani in wanke, ƙusar bango ta masa tabo kamar kwabo. Wata ta bani shawarar ruwan batir, na ɗiga, wallahi kafin in ƙifta ido tabon ya ɓace, na ɗauraye sama sama na shanya ina ta jin kaina. Na ninke na kai mata har tana sa min albarka. Wanki na gaba tana cuɗawa yatsanta ya faɗa, wajen ya ɓule zagaye daidai girman tabon, zaren ya ruɓe kamar takarda. Bata ce min komai ba baiwar Allah, ɗaga mayafin kawai tayi ta leƙo ni ta cikin hujin. Har yau in na tuna sai naji kunya ta kama ni. Ruwan batir yana cin auduga, yana cin fata, in ya fantsama a ido kuma ba a magana.

In kin yi sau huɗu sau biyar inuwar tabon ta ƙi tafiya, kar ki ci gaba da azabtar da rigar, ki kai wa masu wankin zamani tun da sauran kwana huɗu ko biyar. Suna da maganin tsatsa na musamman da ya fi na gida ƙarfi, guba ne shi yasa ban so ki ajiye shi a gida. Ki faɗa musu gaskiya, tsatsar waya ce, na sa bilic, na sa lemon tsami. Kar ki ɓoye musu, abinda kika faɗa da shi zasu san me zasu ɗora a kai.

Atamfarki kuma a hankali za a bi ta, dan abinda ke taimakon farin kaya wato rana da lemon shine ke koɗar da mai launi. Ki fara gwadawa a inda ba a gani, bakin zanin da ke shiga ciki ko cikin kalmasa, ki ɗiga lemon ki jira minti goma ki danna da farin tsumma. In launi ya biyo tsumman ki tsaya nan, ki kai wa masu wanki ko ki bari tela ya san yadda zai ɓoye wajen in ba a riga an ɗinka ba. In bai biyo ba sai ki ɗiga a daidai kan tabon kawai da audugar kunne, a inuwa, ba gishiri da yawa, minti goma sha biyar ki ɗauraye, ki maimaita in da buƙata. Tabon fil ƙarami ne, yawanci baya gardama. Kuma tunda fil ɗaya ya yi haka, ki zazzage akwatin nan gaba ɗaya ki duba sauran kayan lefen, ki cire duk wani fil da allura da 'yar wayar da ake manne takarda da ita a jikin sabon zani. In akwatin na ƙarfe ne ki shimfiɗa tsohon zani a ƙasa da gefe gefe, ki ɗaga shi daga kan siminti, damina tana shiga akwati ko an kulle.

Wani abu kuma da zaki lura da shi tunda sabon gida ne, ruwan da kuke wanki da shi. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na ɗauke da ƙarfe, zaki ɗebo shi garau, ya kwana a bokiti ki ga ja ja ya kwanta a ƙasa, ko ki ga bakin famfo da tayil ɗin banɗaki sun yi ja. In naku haka yake toh fararen kaya zasu riƙa komawa ruwan ƙasa a hankali, in ana zuba bilic ma abin ya fi sauri. Ki riƙa tara ruwan wankin fari a robar da bakinta ke buɗe ya kwana, da safe ki tsiyaye na sama ki bar na ƙasan. Ko ki tari ruwan sama tunda lokacinsa ne, amma ki bar na farkon ya wuce ya wanke kwanon rufin tukuna.

Saura maganar da baki tambaya ba amma ita ce ta hana ki bacci. Ki faɗa masa. Yau da daddare in ya ci abinci ya natsu, ki ɗauko rigar ki nuna masa, kice ga abinda ya faru, ga abinda nayi cikin ruɗewa, ga kuma yadda zan gyara. Ba sai kin yi kuka ba, ba sai kin tsaya dogon rantse-rantse ba. Dalilina biyu ne. Na ɗaya aikin nan a tsakar gida za a yi shi cikin rana tsaka na kwana biyu ko uku, ta ina zaki ɓoye? Na biyu in har ya ƙi fita, mutumin nan yana buƙatar lokaci ya san abinda zai saka ranar auren ƙaninsa, kuma kinsan yadda teloli suke in biki ya matso. Ki auna da kanki, ya ji yau saura kwana tara, da ya ji ranar Juma'a da safe yana tambayar ina shaddata, 'yan uwansa na jiransa a mota. Zai iya ɓata rai na ɗan lokaci, shadda da tsada, kuma ɗan adam ne. Amma ni a ganina wadda tace kawo in wanke maka da hannuna bata yi abin kunya ba, ruwan sama ne ya yi mata shigar sauri. Wayar nan ma ai ba ke kika ɗaura ta ba, kin zo kin tarar da ita ne.

In tabon ya fita kin wanke, ki ɗan sa mata bula kaɗan a ruwan ƙarshe, kaɗan fa, yadda ruwan zai yi kalar sararin sama, zai taimaka in bilic ɗin ya sa ta ɗan yi rawaya. Ki shanya akan igiyar roba. Wajen da aka fitar da tabon zai iya rage ƙyalli fiye da sauran jikin, wannan ba abin tsoro bane, ki sa a kai wa masu bugu su sa mata sitati su buge ta, zata dawo da sheƙinta. Kuɗin bugun ki bari shi ya biya. Wayar tsakar gidan kuma a kwance ta gobe, in gidan haya ne ku da yawa baki da ikon cirewa ki sayi taki igiyar ki ɗaura a gefe, in kin kwashe shanya ki kwance ki shiga da ita ɗaki.